E Bakwai

Da la'asar keken ya ƙi ni.
Na taka, ya yi gurnani,
jan ido ya buɗe a akwatin injin: E-7.

Littafinsa da Sinanci yake,
ni ko Faransancin a tsaitsaye na sha shi.

Na kashe, na ƙirga goma, na kunna.
Na zargi kuran, na zagi waya.
Rigunan 'yan makarantar Bagalam,
arba'in, suna kallona ba hannuwa.

Lawali ya zo daga Sabon Gari,
bai ko dubi lambar ba.
Ya durƙusa, ya zaro baƙin zare
da ya naɗe wa injin wuya.

"Ba ciwo ba ne, shaƙewa ce.
Jikka biyu."

Na biya. Zaren nawa ne,
na shekaranjiya, wanda na ce
gobe zan share.