Gida Biyu a Takarda

Takarda ta ce: shekara biyu, kalma ashirin.
Abarshi bai ba ni ko ɗaya ba.
Na jera masa 'yan katakai, ya dube su
kamar bashin da ba shi ya ci ba.

Sahiya ta ce, "Kawunsa ma sai da ya kai huɗu."
Kowace uwa a Tawa tana da wannan kawun.

Zan ɗora alƙalami ke nan, kwano ya suɓuce bayansa.
Kowa ya zabura. Ban da shi.
Amma da inuwar hannuna ta gitta bango
ya bi ta, ya ƙyalƙyale,
ya aiko mini da tasa.

Gida biyu ne: lafiya, jinkiri.
Na bar su wayam,
na rubuta a gefe: a duba kunne.