Fitilar Zauren Baba Arzika

Shekara ashirin ƙwai ɗaya ke reto a zaurenmu,
ja kamar gwaiduwa,
daidai ƙeyar Baba.
In ya sunkuya kan injin ban-ruwa
inuwarsa ke riga hannunsa isa.

Manoman Jega ba su iya jira ba,
albasa in ta ji ƙishi ba ta san dare ba.
Sai su kawo injin da magariba,
su tsuguna, suna ƙirga ranaku da ido.

Ran da ƙaramin noti ya kuɓuce masa
mun shafa ƙasa da tafin hannu har bayan isha.
Ya ce, ƙasa ta ci rabonta.
Na ce, Baba, duhu dai ya ci.

Na kwance bakin zanena a shagon Ɗan'ige.
Ya ba ni wani fari fat, wai ɗan'uwan rana ne.
Muka kunna.
Ƙarfe ya riƙa tofa mana haske a ido,
ƙwarin fadama suka zo gayya,
Baba ya kare fuska da hula:
Kulu, walda na ce miki zan yi?

Na mayar. Ɗan'ige ya yi tsaki, ya karɓa.

Karo na biyu ban tambayi wadda ta fi ƙarfi ba.
Na tsaya na kalli inda yake zama.
Doguwa mai laushin haske, bisa benci, ta gabansa.
Ƙarama mai wuyan balbela a hagu,
tunda dama ce ke aiki
kada ta taka inuwar kanta.
Bango na shafe da farar ƙasa,
batirin sola na kwance a lungu
don ranar da masu wuta suka manta da mu.

Daren farko ga notin nan
a gindin ƙafar benci, ya yi tsatsa,
yana kallonmu tun bara.
Muka yi dariya har Inna ta leƙo.

Amma haske ba ya zaɓen abin da zai nuna.
Na ga tabon da ban taɓa gani ba a yatsunsa,
na ga sifana tana rawa
ba iska, ba sanyi.

Shi ma ya ga na gani.

Bai ce a kashe ba.
Ya matsa kaɗan a kan benci,
ya miƙo mini lamba goma.
Riƙe nan, ya ce. Kada ki tsare wa kanki haske.