Mudun Ubana

A Jidda, can wajen Obhur,
inda iskar Bahar Maliya ke lasar katanga da gishiri,
akwai wani fili da aka kewaye da waya.
Nan nake tsayuwa duk Asabar bayan la'asar,
takarda a hannu, agogo rataye a wuya,
ina yi wa karnuka jarrabawa.

Dangi a Karantina dariya suke yi:
"Ɗan mai awo ya zama alƙalin karnuka!"
Ban taɓa musa musu ba.
Ubana ya shekara talatin yana awon gero a Bab Makka
da mudu ɗaya, bai taɓa lotsa gindinsa ba.
Abin da na gada ke nan. Ba gida, ba gona.

Dokar a rubuce take, ba ni na tsara ta ba:
zauna, kwanta, bi ni ta ƙafar hagu.
Sannan babbar: mai kare ya ja da baya taku ashirin,
kare ya kwanta minti uku,
ko sama za ta faɗo, kada ya tashi.

Ra'ad ya fara, karen Abu Nawwaf,
baƙi wuluk, yana sheƙi kamar an shafe shi da mai.
Kafin a rufe baki ya zauna.
Minti uku cif, kamar dasa shi aka yi.
Amma na ga wutsiyarsa maƙale a ciki,
na ga inda idonsa yake:
ba a fuskar maigida ba, a hannunsa.
Takardata ba ta da gurbin tsoro.
Na rubuta: ya ci.

Sai Baba Ilu mai gadi da karyarsa Yarda,
ja, mai karyayyen kunne,
wadda ya tsinta tana kwikwiya a bayan kasuwar kifi.
In ta ci, a bar masa ita a gidan da yake gadi.
In ta faɗi, maigida ya ce a kai ta nesa.
Na san da wannan.
Da ma ban sani ba.

Ta kwanta. Ya ja da baya yana ƙirga taku da Hausa.
Minti ɗaya, kyanwa ta gifta ta kan katanga,
ko kunnen mai lafiyar bai motsa ba.
Minti biyu, jirgi ya wuce da rugugi.
Saura daƙiƙa tara
tsohon tarin nan ya taso masa,
ya durƙusa dafe da ƙirji.

Ba ta nemi izinin agogona ba.
Kafin gwiwarsa ta biyu ta taɓa ƙasa
tana gabansa, hancinta a haɓarsa.

Ba wanda ya ga agogon sai ni.
Abu Nawwaf yana can yana waya.
Yatsana a kan maɓalli. Tara kacal.
Sai na ji muryar tsoho daga bayan buhunan gero:
mudun da aka taɓa yau don tausayi,
gobe don kuɗi za a taɓa shi.

Na rubuta: ta faɗi.
Alƙalamin ya huda takardar.

Baba Ilu ya kurɓi ruwa, ya dube ni.
"Ka yi daidai, yaro," in ji shi.
Ya shafa karyayyen kunnen. "Ita ma ta yi daidai."

Daren nan tuwo bai wuce mini ba.
Na kasa gane wanne na auna,
biyayya ko sanyin jini.
Sai wajen asuba na tuna sauran labarin:
in tsoho ya gama awo, ya kife mudu,
yakan tsoma hannu cikin buhu
ya ƙara wa wata tsohuwa gyara.
Mudu na kasuwa ne, yake cewa,
tafin hannu kuwa nawa ne.

Za a sake jarrabawa bayan mako shida.
Yarda tana kwana a bayan ɗakina,
maƙwabta na ta gunaguni.
Wani alƙali na roƙa ya riƙe agogo ran nan, ba ni ba.
Baba Ilu kuwa, na kai shi asibiti ranar Talata.