Zazzaɓin Ƙarfe

A da nan muke ajiye tsintsiya da bokiti.
Taku uku tsawonsa, faɗinsa biyu,
ba taga, ba ko hudar da ƙuda zai bi.
Da ofishinmu na inshora ya ɗan yi ƙiba
sai aka sallami tsintsiya, aka shigo da sabar uku,
aka jera su bisa kanta ɗaya kamar 'yan haya.

Lefteris, wanda ya haɗa wayoyin,
ya juya rasiɗin gahawa, ya yi lissafi a bayansa:
duk wutar da suka sha, zafi za su amayar,
wat dubu da ɗari takwas, dare da rana,
tamkar ka jona dutsen guga ka kulle ƙofa ka tafi.
Ya ce, "Esin ofis da ƙarfe shida yake kwanciya,
waɗannan kuwa ba su san shida ba.
A sa musu nasu. A sa biyu, ko ɗaya zai gaza."
Maigida Anestis ya dubi kuɗin, ya dubi silin,
ya ce ɗaya ma an yi ƙoƙari.

Agusta ta zo, Tasalonika ta kwashi 'ya'yanta sai bakin teku.
Ni Fotini, mai riƙe da littafin kuɗi,
aka bar wa makulli da lambar ƙararrawa.

Ƙarfe biyun dare waya ta yi kuka.
Talatin da huɗu.
Kafin in sami takalmi, talatin da shida.

Na hau bene, na buɗe, hucin ya mare ni.
Esi ya mutu, ruwa na ɗiga daga haɓarsa,
fankokin cikin ƙarfen na ihu kamar a ce musu gudu,
fitila ja tana ƙifta mini ido.
Takardun mutum dubu huɗu ke ciki:
wanda gidansa ya ƙone, wadda mijinta ya nitse da jirgin kamun kifi.

A ƙasa Evantiya mai gidan burodi ta riga ta tashi.
Ta ba ni aron fankar da ke shanya mata gumi,
duk gari a fukafukanta.
Na tokare ƙofa da fayil ɗin harajin shekarar da ba mai tunawa,
na saita iska tana hura musu baya.

Talatin da bakwai.

Lefteris ya ɗauka daga ƙauyen mahaifiyarsa, murya duk barci:
"Kin mayar musu da numfashinsu ne.
Ta gaba suke shaƙa, ta baya suke fitarwa.
Juya fankar, ki ja zafin waje.
Ta ƙasan nan, mai tambarin shuɗi, kashe ta,
ba za ta yi fushi ba kafin Litinin."

Na juya. Na kashe. Na zauna a kan tayil.

Haka na zauna wani dare gaban gadon babana,
tsumma a hannu, ido a kan ma'auni,
ina roƙon lamba ta sauko ko da ɗaya.
Ban zaci ƙarfe zai sake zaunar da ni haka ba.

Talatin da biyar.
Talatin da biyu, mai shara ya wuce a titi.
Ashirin da takwas, tsuntsayen teku suka fara gardama.

Evantiya ta hawo da bugatsa mai zafi a takarda,
ta leƙa, ta ce, "Wannan ne majinyacin?"
Muka ci a baranda, nesa da shi,
kada sukari ya shiga huhunsa.

Da hantsi na tura wa Anestis hoton ma'aunin, ban ƙara kalma ba.
Amsa ta zo daga ƙarƙashin lemar bakin ruwa:
"Tambayi Lefteris, na biyun nawa ne?"
Rasiɗin nan yana aljihun tebur ɗina tun bara.
Gahawa ta ci rabin lissafin,
amma jimlar na nan.