Dalar Buƙatu

A ajinmu na Valparaíso
Malama Ximena ta zana dala a allo:
ciki a ƙasa, sai mafaka, sai ƙauna,
sai daraja, can ƙololuwa cikar kai.
"Ku ajiye Evaristo na labarin nan a matakinsa."

Shafi na arba'in.
Kwana biyu bai sa komai a baki ba,
rufinsa na yoyo,
amma ya sayar da rigar sanyinsa
ya sayo tsirkiyar jita guda.

Dala ta ce mai yunwa ba ya hawa.
Shi kuwa ya tsallake matakala,
ya zauna can bisa,
cikinsa na kuka, jita na amsawa.

Na miƙa takardata fara fat.
Malama ta daɗe tana kallon teku.