Wuƙar Baba a Yaba

Nafi'u ne ya matsa mini.
Tun Litinin yake cusa mini wayarsa a ido:
dogon burodi an tsage masa ciki,
nama na leƙe, wani farin abu na dalala.
Na ce, ya sunan wannan?
Ya ce, cisistek.
Na ce, sannu, atishawa ka yi?

Ran Asabar muka rufe shago da wuri,
na bar wayoyin mutum uku kan tebur, hanjinsu a waje.
Daga Ikeja danfo biyu muka hau,
kwandasta ya haɗa ni da wata tsohuwa kan canjin ɗari biyu,
ruwa ya tsuge a Fadeyi, ya ɗauke kafin Jibowu.

Wurin bai fi ɗakin gwauro ba.
Kujeru masu dogayen ƙafafu, ba majingina,
janareto na tari a bayan gida.
Na karanta farashi a allo, na goge ido, na sake.
Dubu tara da ɗari biyar.
Gilashin waya biyu ke nan, har da ladan hannu.

Ni fa ɗan mai tsire ne.
A Obalende na yi wayo, gefen gada,
hayaƙi ne turaren rigata har na gama sakandare.
Ba a yi mini burga da nama.
Na tambayi yarinyar kanta, yankan wa?
Ta nuna takarda a bango: mayankar Oko-Oba.
To, madalla.

Sai na ji ƙarfe biyu suna sara kan faranti mai zafi,
kaf-kaf, kaf-kaf-kaf,
albasa na ƙara, mai na tsalle.
Na leƙa tiren ɗanyen naman.
Sirara, a karkace, an bi bayan jijiya,
ka ɗaga ɗaya sai ka hango fitila ta cikinsa.
Gabana ya faɗi.
Hannu ɗaya na sani a Legas mai wannan yankan,
shi kuwa yana Malumfashi, ido ya yi masa hazo,
wuƙarsa na naɗe cikin tsumma a ƙasan gado.

Hular takarda, safar hannu ta leda,
amma tabon garwashi na nan a tsintsiyar hannu.
Haladu!
Yaron da ke yanka mana albasa yana hawaye.
Ya ɗago, ya ce, Ɗan Baba, kai ne ka yi tumbi haka?

Na ce, wa ya koya maka zuba cuku a nama?
Ya ce, madam, mako ɗaya.
Yankan kuwa shekara tara,
ka san wurin wa.

Na gatsa.
Cuku ya miƙe daga bakina zuwa hannu, ya ƙi tsinkewa,
romo ya gangara har gwiwar hannu.
Laushi akwai, albasa ta yi zaƙi,
ba zan ci amanar harshena ba, abin ya yi daɗi.
Sai dai kamar baƙo ne da ya shigo da fara'a
bai yi sallama ba.

Haladu ya dubi ƙofa, ya dubi fuskata,
ya turo ɗan ƙullin takarda ƙarƙashin tire.
Kada madam ta gani.
Citta, masoro, kimba, ƙuli.
Na barbaɗa.
Nafi'u ya ce, lafiya idonka ya yi ja?
Na ce, yaji ne.

A gosulon Maryland na kira gida.
Baba, na ci yankanka yau, cikin burodi.
Ya ce, nawa?
Na faɗa.
Shiru, har na zaci kati ya ƙare.
Can ya ce, ni da nake ba da ɗanɗano kyauta.
Ya sake yin shiru.
Ya yi kauri?
Na ce, ko kaɗan.
Ya ce, to.