Rigar da Ban Ɗinka Ba

Kwana huɗu ke nan ba ta ci ba.
Barira ta tsaya a ƙofar shagona, nan Yalwa ta Garwa,
da fara uku cikin gwangwanin tumatir,
ta ce, Baba, ko kallon su ba ta yi.

Na ɗaga ƙafa daga keken ɗinki.

Wata biyu baya ta tsinto ta
a gindin magarya, hanyar gadar Binuwai,
tsawonta bai kai ƙaramin yatsana ba,
ido biyu, kowanne da abin da ya dame shi.
Goggo Dudu ta tofar da yawu, ta ja tabarma gefe,
ta ce, hawainiyarku ta kiyayi ramata,
kuma ba karin magana take yi ba,
rama ce da gaske, a bayan madafa.
Na haɗa keji da tsohon gidan sauro,
muka kafa reshen gwaiba a ciki.

Duk Juma'a ina auna ta.
Santi shida. Bakwai. Bakwai da rabi.
Da alli nake rubutawa a bango,
ƙarƙashin awon wuyan Alhaji Garga
wanda har yau bai biya kuɗin jamfarsa ba.

Yau ga ta fari fat,
kamar ta kwana a buhun garin rogo.
Fatar ta tsage a gadon baya
irin tsagewar ɗinkin ɗan koyo,
ta yi furu-furu a gwiwa, ta rataya a haɓa.
Barira ta ce, mutuwa za ta yi?
Ta miƙa farce za ta ɓare.
Na riƙe hannun.
A bar ta.
Rigar da ta matse,
mai ita ya san ta inda zai fara tuɓewa.

Na faɗa ne kamar na sani.
Ban sani ba.

Zafin Afrilu ya hana kowa sakat,
kwalta na kama takalmi.
Mun sa mata ruwa a murfin kwalba, ta tsallake shi
kamar bashin wani.
Sai na ɗauko kwalbar yayyafin guga
na fesa wa ganyen.
Ta daɗe tana shawara da ɗigo ɗaya,
gaba, baya, gaba,
sannan ta lasa.

Hamajoda mai yi wa shanu allura ya leƙo da yamma.
Ya ce, ni shanu na sani,
amma ku lura da bakin wutsiyar nan,
in busasshen zobe ya zauna, yakan shaƙe.
Muka jiƙa auduga da ruwan ɗumi.
Barira tana ɗiga, ina haska tocila,
ni da ke da riguna tara na biki
a jibge, ba ko maɓalli.

Daren na shida hadari ya haɗo daga gabas.
Kafin asuba shinge sun rufe ƙwan lantarki.
Barira ta kamo ɗaya da fiffike,
ta ajiye a reshe, ta ɗauke numfashi.
Ido ɗaya ya juyo.
Ɗayan ya biyo shi, a karon farko sun yarda da juna.
Harshen ban gan shi ba.
Na dai ga babu shinge.

Kore shar, kamar ganyen ya yi ƙafa.
Tsohuwar rigar ma ta cinye rabinta,
ba ta bar wa tela ko ƙyalle ba.
Goggo Dudu, daga nesa, ta ce
a ƙara mata, ba ku ga ta rame ba?

Santi tara, na rubuta.

Barira ta ɗaga hannu tana gyara reshen,
sai na ga hannun rigar makarantarta
ya gudu ya bar wuyan hannu,
kalmasar da na kwance bara
babu sauran abin kwancewa.

Ban ce komai ba.
Tef ɗin yana wuyana.
Na ce, zo nan, tsaya daidai.